Tun Ran Gini Ran Zane

Maganar yau a kan manhaja take, wato jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta san aikin da za ta yi. Galibin mutane, in na'ura ta yi ɓarna, sai su ɗora laifin a kan wanda ya rubuta umurnin. Amma masanan wannan fanni sun daɗe da gane cewa sau da yawa ɓarakar tana can baya, cikin takardar sharuɗɗa, inda mai ba da aiki da mai yinsa suke rubuta abin da ake bukata tun ba a fara ba. In takardar nan ta karkace, ko gwanin gwanaye aka ba aikin, karkataccen abu zai miƙo.

Ga misali wanda ya isa ishara. Ran 4 ga Yuni, 1996, ƙasashen Turai suka harba sabuwar rokarsu mai suna Ariane 5 daga Kuru, a yankin Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken ilmi. Wajen daƙiƙa 40 da tashinta sai ta kauce hanya, ta tarwatse a sama. Aka naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions, shahararren masanin lissafi na Faransa. Abin da suka gano shi ne, manhajar da ke gaya wa roka inda ta dosa an ɗauko ta ne daga tsohuwar roka, Ariane 4, wadda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sai dai ƙanwar ta fi yayar gudu. Wani adadi da ya danganci gudun ya zarce gurbin da aka tanadar masa, gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Na'urar ta tsaya cik. Ta biyun da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma ta tsaya, domin karatunsu ɗaya. Abin takaici kuma, sashen da ya jawo wannan ba shi da wani amfani ga sabuwar rokar bayan ta bar ƙasa. Sharaɗin tsohuwar ne aka bari, ba wanda ya sake tambayar dalilinsa, kuma ba a sa hanyar tafiyar sabuwar cikin sharuɗɗan na'urar ba. Rigar wani aka sa wa wani ba a gwada ba.

Bayan shekara uku Amurka ta ɗanɗana irin tata. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mas. A nan an rubuta sharaɗi sarai, cewa a ba da lissafin ƙarfin turi da awon niyuton. Amma wata manhaja ta riƙa ba da shi da awon fam na Ingilishi, alhali fam ɗaya ya kai niyuton 4.45. Kamar mai saye da mai sayarwa ne suka yi ciniki da mudu, kowa da girman mudun da ke zuciyarsa. Kumbon ya kusanci Mas fiye da kima, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, mai karatu ya duba. Na farko sharaɗi ne da ya tsufa ba a sake dubansa ba. Na biyu sharaɗi ne mai kyau wanda ba a tabbatar an bi shi ba. Don tsare irin wannan ne masana suka tsara ƙa'idar IEEE 830 tun 1984, wadda ISO/IEC/IEEE 29148 ta gaje ta a 2011. Jigon abin da suka nema bai da wuyar fahimta. Kowane sharaɗi ya zama mai ma'ana ɗaya, kada mutum biyu su karanta su fito da fassara biyu. Kada ya yi karo da ɗan'uwansa. A san wanda ya nema da dalilin nemansa. Kuma ya zama ana iya jarraba shi. In aka rubuta “na'ura ta yi sauri”, ba a ce kome ba, domin saurin wani nawar wani ce. In aka rubuta “ta ba da amsa cikin daƙiƙa 2”, ga agogo nan zai raba gardama.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga masu roka ba. Ma'aikatar da za ta sayi manhajar biyan albashi, da asibitin da zai ajiye bayanin majinyata, da bankin da ke riƙe da amanar jama'a, duk hukuncinsu ɗaya ne. Wajibi ne shugabanni su zauna da akawu da ma'aji da malamin jinya, waɗanda za su yi aiki da abin kullum, a karanta musu sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu. Abin da aka aro daga tsohon aiki a sake auna shi da sabon. In an sauya wani sharaɗi daga baya, a rubuta, a sanar da duk wanda abin ya shafa.

Gyaran kalma a takarda bai wuce tawada da yini guda ba. In ta riga ta shiga cikin na'ura, abin da za a biya dukiya ce, wani lokaci har da rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.