Jan Kunne Ga Masu Amsa Gayyar Aure a Ƙetaren Iyaka

 

Da zarar kaka ta yi, an kai riɗi da gero kasuwar Sara da ta Babaldu, kuɗi ya shiga hannu, sai goron gayya ya soma yawo a Birnin Kudu da Gwaram. A cikinsa akwai na maƙwabta, akwai kuma wanda ya tsallako iyaka daga Damagaram, ko Magariya, ko Maraɗi, wani zubin har daga Zangon Kumasi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Fataken da ke sayen dabbobi a Maigatari ran Alhamis sun daɗe da ƙulla amana da mutanen Nijar, har amanar ta zama surukuta. Malamai kuwa da dama sun yi gardanci da 'yan Damagaram a gaban wutar tsangaya guda. Abin da ya sake shi ne hanya da kuɗi da takardu, alhali kuwa jama'a har yanzu suna amsa gayyar kamar ta ƙauyen da ke bayan rafi: a cika mota biyu, a tashi da asuba, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya dace shi ne a rage yawan masu tafiya, a kyautata shirin waɗanda za su tafi. Dattawa huɗu masu takarda da guzuri sun fi ɗaukaka mai aure bisa mutum arba'in da za su kwana a bakin iyaka ana roƙon a sake su.

Wani zai ce ai amsa gayya wajibi ne. To, malamai sun san inda maganar ta tsaya. A mazhabar Imamu Malik wajibcin yana kan walimar aure, yana kuma kan wanda aka ayyana shi da kansa. Goron da aka raba a ƙofar masallaci bayan Juma'a, aka ce kowa da kowa, bai ɗora wa kowa wajibi ba. Ko wanda aka ayyana ma yana da uzurori. Mai Risala ya kawo cewa Malik ya yi rangwame ga wanda ya ƙi zuwa saboda yawan cunkoso, masu sharhi kuma sun lissafa rashin lafiya da nisa mai wahalarwa. In cunkoson gida guda uzuri ne, ina ga tafiyar da za a ƙetare ƙasa? Shi kansa ɗaurin auren ba ya bukatar taro. Waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, da shaidu biyu adalai, da lafazin bayarwa da karɓa, shi ke nan aure ya ɗauru, ango ma yana iya wakiltawa yana zaune a gidansa a Kila.

Wani kuma zai ce zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma ƙafar da ta tafi da bashi, ta bar iyali ba cefane, ta bar almajirai mako guda ba mai biya musu allo, ta gyara zumuntar nesa ne ta ɓata ta kusa. Ciyar da iyali wajibi ne wanda ba shi da uzuri. Wanda ba shi da hali ya haɗa kuɗin motar da zai kashe ya ba jagoran tafiya a kai gudummawa da sunansa. Mai aure, da za a tambaye shi a ɓoye, ya fi bukatar wannan bisa ƙarin baki guda a kan akushi.

Wanda kuwa tafiya ta kama shi, farkon abin da zai duba takarda ce. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza har kwana 90, mutane suka saba, har wasu suka ɗauka Hausa da hula su ne fasfo. Amma sojoji sun karɓi mulkin Nijar ran 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka daga Agusta har Maris na 2024, sa'an nan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun ba da sanarwar cewa jama'a za su ci gaba da shiga da fita ba biza. To, amma rashin biza ba shi ne rashin takarda ba, jandarman da ke kan hanya kuwa abin da ke hannun mutum yake dubawa. Fasfo mai rai shi ne mafi kwanciyar hankali. Ana neman sa a ofishin shige da fice na Dutse, sai da lambar ɗan ƙasa, kuma tun Satumbar 2025 mai shekara biyar ya kai naira 100,000. Ba abin da ake fara nema ana jibi ɗaurin aure ba ne. Kafin a tashi kuma a tambayi direbobin da suka dawo a makon nan yadda suka sami iyaka, gama labarin bara ba ya amfani bana.

Takarda ta biyu katin allurar shawara ce, mai ruwan ɗorawa. Nijar da Gana duka suna tambayar ta. Ba ta fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har ƙarshen rai. Masu sayen kati ba allura kansu suke cuta, domin sauro ba ya karanta kati.

Malamin da ya saba tafiya da almajiri mai riƙe masa buta da gafaka ya yi hattara a nan. Yaro ƙarami a mota ba ubansa, ba takarda, ma'aikatan iyaka fataucin yara suke fara zato, kuma ba za a ga laifinsu ba. A bar yaran a makaranta a hannun babban gardi.

Sai maganar kuɗi, inda fatake ke ganin sun ƙware, inda kuma suka fi shan kunya. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira kuwa an sake ta tun Yunin 2023, har a 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Watau gudummawar da ta cika aljihu a Gwaram, in an canza ta, takardu ne 'yan kaɗan. Gara mutum ya yi canjinsa tun a Wapa ta Kano ko a Maigatari, wurin wanda ya sani, ya san abin da yake ɗauke da shi, ya kuma nemi ƙananan kuɗi domin sanƙira da maroƙa da masu shayi. Kada ya dogara da tura kuɗi ta waya, gama layin Nijeriya yakan yi shiru bayan an wuce iyaka kaɗan. Lissafin ma dabam yake. A nan tsofaffin 'yan kasuwa in sun ce jaka, fam ɗari suke nufi, watau naira 200. A can jaka sefa 1,000 ce. Suna ƙirga da dala, dala kuwa sefa 5 ce, saboda haka in mai nama ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, watau sefa 500. Wannan a bakin tukuba abin dariya ne. A wurin ambaton sadaki kuwa ba abin dariya ba ne, domin an sha jin jaka kaza a bakin wakili, kowane ɓangare ya tashi da nasa lissafi a zuci. Lalle a faɗi kuɗin da sunansa, sefa ce ko naira, a gaban jama'a.

Ranar ma a tantance ta. Nijar tana da nata ganin wata, yakan kuma saɓa da na Sakkwato da kwana guda. In takardar gayya ta ce biyar ga Shawwal, a tambaya Asabar ce ko Lahadi.

Akwai wata jarrabawa da ke kama ɗan kasuwa, ita ce ya ga mota za ta ƙetare iyaka ya kasa barin ta ta tafi da mutane kaɗai. Sai a cusa jarkokin fetur ƙarƙashin lefe, a dawowa kuma a ɗoro shinkafa a ce ai gara ce. Tun 2016 kwastan ta Nijeriya ta hana shigo da shinkafa ta kan tudu. Ita ma Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi a Mayun 2025 gabanin Layya. Ko ragon da surukai suka ba da kyauta, a bincika hukuncinsa kafin a ɗaure shi a bayan mota. In aka kama kayan mutum guda, mota duka ake tsarewa, da liman da gwaggon ango da kowa, a ɗaura aure ba su nan. Haka nan ƙunshin da wani ya ce a miƙa wa ɗan'uwansa a can: in ba a buɗe shi a gaban mai shi an ga abin da ke ciki ba, kada a karɓa. Ƙwayoyi sun yi yawa a hanyar nan. Ga 'yan kaɗan da akan gayyata Makka ko Jidda wannan ya fi tsanani, gama hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne.

Mai zuwa Damagaram yana iya bi ta Gumel da Maigatari, ko ta Ɓaɓura zuwa Magariya, ko ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamai. Mai zuwa Maraɗi hanyarsa Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, yankin Jibiya kuwa ya sha fama da 'yan bindiga, ba a bin sa sai rana tsaka. Tafiyar dare ba ta da riba ko'ina. Mutanen Gwaram ba su manta da Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye gada a hanyar Basirka mota ta afka, mutum 21 suka rasu.

Game da salla, tafiyar ta wuce buridi huɗu, watau mil 48, saboda haka ana ƙasaru daga barin gidajen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka sai ya cika. A nan akwai abin lura ga mai hankali: haƙƙin baƙo a kan mai masauki kwana uku ne, saboda haka duk ɗan biki da ya ga ya fara cika salla a gidan surukai, to, ya san ya zarce. Tun kafin a tashi a gaya wa mai gida adadin masu zuwa, maza nawa mata nawa, kada a ƙara ko ɗaya a tasha. Matan da za su ɗauko amarya ko su kai ta su tafi da muharraminsu, a kuma san inda za su sauka tun daga gida.

Malami baƙo ya tuna garin yana da limaminsa. Ko ya fi shi karatu, ba ya karɓe ɗaurin aure sai an miƙa masa, in an miƙa ma ya fara mayarwa. Ba wurin tayar da maganar ƙabalu da sadalu ba ne, ko ɗariƙa da Izala. Maganar mulkin soja da ta ECOWAS kuwa a bar wa masu ƙasa abinsu, domin baƙo zai hau mota ya tafi, mai gida ne za a kira a tambaya. Ɗan kasuwa shi ma kada ya mai da zauren biki wurin bin bashi. In yana bin wani, ya jira a shafa fatiha a watse, ya same shi a rumfarsa. Bambancin harshe kuma ba abin ba'a ba ne. In sun ce za su kai mutum likita, asibiti suke nufi.

Saura babban aikin da ya sa tafiyar ta cancanci wahalarta, wanda kuma aka fi mantawa da shi, watau shaida. Auren da aka ɗaura tsakanin ƙasa biyu, in rigima ta taso daga baya kan sadakin da ya rage, ko saki, ko gado, alƙalin Birnin Kudu ba zai iya kiran mutanen Magariya da sammaci ba, na can ma ba zai iya kiran na nan ba. Mace ce da 'ya'yanta ke shan wuyar wannan. Saboda haka cikin masu tafiya a sa mutum biyu adalai, masu sauran ƙarfi, waɗanda za su zauna kusa su ji lafazi da kunnensu. A sa malami ya rubuta da ajami, takarda biyu, sunan ango da amarya da iyayensu, da waliyyi da wakili, da sadaki nawa aka ambata da irin kuɗin, nawa aka biya nawa ya rage, da rana da wata da shekara, da sunayen shaidun ɓangaren biyu. A Nijar ana rubuta aure a ofishin magajin gari a ba da takarda. A roƙi surukai su karɓo ta, a taho da kwafinta. Takardar ajamin nan guda ta zauna wurin limamin can, guda kuma a kawo wa waliyyi ya ajiye cikin gafaka tare da takardun gona.