Makarantar Jiragen Sama Ta Zariya, Da Mu Malaman Gobe

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata makaranta ta ƙauye can bayan Zonkwa. Ran nan ina cikin darasin lissafi sai muka ji rugugin jirgin sama. Kafin ka ce kwabo yara duk sun yi taga. Na ƙyale su suka kalla, don ko na hana, hankalinsu ya riga ya bi jirgin. Da suka zazzauna na ce, "To, wa ke tuƙa wancan?" Wani ya ce Bature, wata ta ce soja. Na ce, "A ina ake koyon tuƙinsa?" Waɗansu suka ce Ingila, waɗansu Amurka. Ba wanda ya ambaci Zariya. Ban yi musu dariya ba, gama ni kaina sai da na girma na san akwai wannan makaranta cikin Jiharmu ta Kaduna.

Bari in ba 'yan'uwana labarinta kaɗan. Jiragen sama na farko da suka zo ƙasar nan guda uku ne na mayaƙan Ingila, sun taso daga Masar suka sauka Kano cikin watan Nuwamba na 1925. Daga nan sha'anin ya yi ta bunƙasa, har aka kafa kamfanin Nigeria Airways cikin 1958. Amma ko da muka sami mulkin kai cikin 1960, yawancin masu tuƙin jiragen da masu gyaransu baƙi ne. Jirgi da sunanmu, mai riƙe da shi wani, wannan ai hawan dokin aro ne. Saboda haka cikin 1964 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta 31, ta kafa wurin koyon aikin jiragen sama a Zariya, wajen Palladan, kan hanyar Sakkwato. Ba ita kaɗai ta ɗauki nauyin ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka da kuɗi, hukumar nan ta ICAO mai tsara sha'anin jiragen farar hula na duniya kuwa ta kawo gwanaye. Aka yi ta tafiya haka har ƙarshen 1974, sa'an nan makarantar ta koma hannun Nijeriya ɗungum. Daga baya aka ɗaga ta ta zama kwaleji, ita ce yau ake kira NCAT a taƙaice.

Tun farkonta ba don 'yan Nijeriya kaɗai aka yi ta ba, ɗalibai na zuwa daga waɗansu ƙasashen Afirka. A nan ne Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ita ce mace ta farko 'yar ƙasar nan da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, ta kuma zama shugabar makarantar cikin 2011. Ku 'yan matan kwalejinmu, ku riƙe wannan suna don almajiranku.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, matuƙi mutum ɗaya ne cikin taron da ke ta da jirgi. Akwai injiniyan da zai duba injin ya sa hannu kafin a yarda jirgi ya motsa. Akwai wanda ke zaune bisa hasumiya yana magana da matuƙa ta rediyo, yana ce wa wannan sauka, wancan dakata, don kada su yi karo. Akwai masu gyaran na'urorin sadarwa da waɗanda ke nuna wa jirgi hanya cikin hazo, akwai masu kashe gobara, akwai masu tsara tafiya da lissafin nauyin kaya da mai. Duk waɗannan ana koyar da su a Zariya.

To, me ya haɗa wannan da mu mutanen Kafanchan? Ai mu ya fi kamata mu gane. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Cikin 1927 dogo ya haɗu a nan, hanya ɗaya ta yi Kaduna, ɗaya ta yi Jos, ɗaya ta gangara Fatakwal. Kakana ya yi aikin reluwe, zuba gawayi cikin wutar inji shi ne aikinsa, kuma har ya tsufa bai daina ba mu labarin yadda akan ɗauko direbobi da akawuna daga nesa ba, 'yan ƙasa kuwa sai dako da gyaran dogo, don ba su da takarda. Kafin 'ya'yansu su sami ilmin da zai kai su gaba, reluwe ta fara sanyi. Yau je ka tashar ka gani da idonka, ciyawa ta fi fasinja yawa. An yi mana sakiyar da ba ruwa sau ɗaya, ina tsoron kada a maimaita da jirgin sama, alhali kuwa wannan karon makarantar tana cikin gidanmu, tafiyar da ba ta kai yini guda ba a mota.

Ƙofar shiga ba asiri ba ce. Ana neman yaro ya ci jarrabawar gama sakandare da kyau cikin darussa biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Turancin ma ba na ado ba ne, da shi matuƙa da masu hasumiya ke magana a duniya duka, kuskuren kalma ɗaya na iya cin rayuka. Nan fa maganar ta dawo kanmu. Makarantar da na yi gwaji ba ta da malamin fiziks, wani malamin aikin gona ne ke ɗan taɓawa in ya sami sarari. Mu duba kwalejinmu kuma, mu nawa muka zaɓi lissafi da kimiyya da son ranmu? Da yawanmu mun gudu ne don an ce da wuya, ni ma da ƙyar na tsaya. Yaron Kagoro ko na Kwoi ko na Manchok da ya faɗi lissafi a aji uku, ba Zariya ce ta ƙi shi ba, tun a ajinmu ya rasa hanya.

Na san za a ce mini, "Kai Malam, koyon tuƙin jirgi na 'ya'yan masu hannu da shuni ne." Akwai gaskiya a ciki. Kuɗinsa miliyoyin naira ne, gama kowace sa'a da ɗalibi ya yi a sama mai ake ƙonawa, kuma sai ya tara sa'o'i masu yawa kafin a ba shi lasin. Ɗan mai noman citta ba zai iya shi kaɗai ba. Har waɗanda suka gama ma akwai masu zaman jiran aiki, don kamfanoni na neman ƙarin horo kan irin jirgin da suke da shi. Ban ɓoye wannan ba. Amma sauran sana'o'in da na zana ba su kai tuƙi tsada ba, kuma ba filin jirgin da zai yi aiki ba su. Game da tuƙin kuwa, gwamnatocin jihohi sukan ɗauki nauyin 'ya'yansu su tura su. Ya kamata ƙananan hukumominmu, Jama'a da Kaura da Jaba da Zangon Kataf da sauransu, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, su riƙa yin haka ko da yaro ɗaya ne a shekara. Sai dai ran da aka ce a kawo yaro mai takarda, in babu shi, ba mu da bakin kuka.

Ga roƙona guda biyu. Na farko ga hukumar kwaleji: cikin tafiye-tafiyen buɗe ido da akan kai mu, a sa Zariya, a nemi izni mu shiga mu ga ƙananan jiragen koyo da rumfar gyara da hasumiya, don malamin da ya gani da ido ya fi iya ba da labari. Na biyu gare ku 'yan'uwana ɗalibai: duk wanda aka tura gwaji, ya ware rabin sa'a ya gaya wa yara akwai wannan makaranta, da darussan da ake bukata. Na gwada a ajina, na naɗe takarda na yi ɗan jirgi na jefa, muka yi ta gardamar abin da ke riƙe shi cikin iska har aka kaɗa ƙararrawa.

Masu son tafiyar Zariya su same ni bayan cin abincin rana, ina rubuta sunaye, in mun cika mota guda sai mu kai wa shugaban sashenmu.