RA'AYINMU: Shuɗin Allo da Gumin Malami

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, a 'yan watannin nan akwai wani koke da ke yawan zuwa ofishin reshenmu, daga Boyekai da Shinaka har zuwa Achida da Gandi. Malami ya ɗauki adashi, ko ya ci bashin ƙungiyar gama-kai da za a riƙa zara daga albashinsa, ya tafi birnin Sakkwato ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil a kwali. Kafin mako biyu su cika, yana tsakiyar shigar da makin jarrabawar ɗalibai, sai allon ya rine shuɗi, wasu kalmomin Turanci su bayyana, na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Aikin dare guda ya bi ruwa. Gobe ta sake, jibi ta kuma. Da ya koma wa mai shago, sai a ce masa ai shi ne bai iya ba, ko kuwa yara ne suka taɓa. Malami mutum ne mai kunya da gudun raini, sai ya haɗiye, ya dawo gida da na'ura mai ciwo da bashi mai lafiya.

Ba don ado malamai ke sayen waɗannan na'urori ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma a kan kwamfuta ake zana ta, kuma a 2024 WAEC ta fara irin wannan tsari da ɗalibai masu zaman kansu. Malamin da bai taɓa riƙe linzami ba, ta yaya zai shirya ɗalibin da makomarsa ta rataya a kan linzamin? Sai dai kuɗin kwamfuta mai ɗan dama ya ninka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, sau da yawa. Saboda haka maganar shuɗin allo magana ce ta gumin ma'aikaci da cefanen gidansa, kuma hurumin ƙungiya ne ta tsoma baki.

Abu na farko da muke son kowane ɗan ƙungiya ya sani shi ne, shuɗin allo ba shaidar jahilcin mai amfani ba ne. Manhajar Windows ce ke tsayar da kanta da gangan idan ta ci karo da kuskuren da ci gaba da aiki a kansa zai iya lalata abin da aka adana, kamar direban da ya ji ƙara a injin ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyaran manhaja mai kuskure da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika ya jefa na'urori kimanin miliyan 8.5 cikin wannan shuɗin allo, bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Babu wanda ya ce wa ma'aikatan filayen jiragen nan ba su iya ba ne. A sababbin nau'o'in Windows 11 launin allon ya koma baƙi, amma saƙon bai sauya ba.

Abu na biyu, allon yana faɗin ciwonsa, ba a dai saurare shi ne. A ƙasan allon akwai sunan kuskuren da manyan baƙaƙe. Mu da muke koya wa yara rubuta rana da wata a saman kowane shafi, bai kamata mu gaza yi wa kanmu haka ba. A ɗauki hoton allon da waya, a rubuta rana da lokaci, da aikin da ake yi, da ko caja na jone, da ko an soka filash ko na'urar buga takardu. Idan MEMORY_MANAGEMENT ne ke yawan fitowa, zargi ya fi karkata ga ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, kuma Windows na ɗauke da ma'aunin gwada ta, mai suna Windows Memory Diagnostic. Idan IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL ne, galibi ɗaya daga ƙananan manhajojin da ke sada Windows da sassan na'ura, waɗanda masu gyara ke kira direba, ita ce ta saɓa. Idan kuwa WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ne, to ƙarfen kansa ne ke kuka, ko don zafi, ko don wani sashe ya zo da naƙasa. Windows kan ajiye ɗan rahoton kowace faɗuwa a wata jaka mai suna Minidump. Kada a bari kowa ya share ta, domin ita ce shaidar mai saye.

Akwai abin da malami zai iya jarrabawa da hannunsa ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya zare duk abin da aka jona wa na'urar ya ga ko za ta natsu. Ya cire manhajar da ya saka daf da fara matsalar, musamman irin waɗanda ake kwafowa a filash daga hannu zuwa hannu, kuma kada ya tara manhajojin kashe cuta biyu a na'ura ɗaya, domin kishi suke yi da juna. Idan ya shiga gari inda intanet ke da ƙarfi, ya sabunta Windows, ya ɗauko direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Ya kuma tuna da ƙasar da yake ciki. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don yanayin da bai wuce maki 35 a ma'aunin zafi ba, alhali bazarar Wurno da Goronyo kan haura 40. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma na toshe mata kafar numfashi, ƙurar hunturu na cika mata fanka, wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka da cajar jabu kuma na cin ta a hankali. Kafin komai, a kwafe makin ɗalibai da shirin darasi a wuri na biyu, kowace rana.

To amma a nan ne muke son jan layi. Idan an yi duk wannan, an ma mayar da Windows yadda ta fito daga kamfani, shuɗin allo bai daina ba, to maganar gyara ta ƙare, maganar haƙƙi ta fara. Kuskuren da 'yan'uwa suka fi yi shi ne kai sabuwar na'ura wurin mai gyaran waya a kasuwa ya buɗe cikinta. Da zarar an ɓalle hatimi, mai shago ya sami hanyar zamewa. Haka nan, ba kowace na'ura da ke cikin kwali ce sabuwa ba. Akwai ta hannu da aka goge aka sake naɗewa. A shigar da lambar da ke bayanta a shafin kamfanin, za a ga lokacin da garantinta ya fara da lokacin da zai ƙare. Rahoton batirin da Windows ke fitarwa ma kan nuna ko ƙarfinsa ya riga ya zaizaye.

Doka tana bayan mai saye. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da suka zo da aibi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Mu a nan ba baƙin wannan hukunci ba ne. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala a zauren malaminsa ya san mai saye na da zaɓin mayar da haja idan ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba. Abin da ke kashe wannan haƙƙi shi ne jinkiri da rashin takarda. Wata uku zango ɗaya ne kacal na karatu. Malamin da ya ce bari a yi hutu sannan ya shiga birni, sau da yawa lokaci ya riga ya kuɓuce masa.

Don haka muna kira ga shugabannin reshe da na ƙungiyoyinmu na gama-kai da su daina barin kowa ya shiga kasuwa shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A riƙa saye a dunƙule daga dillali mai shago sananne, da rasit mai ɗauke da lambar kowace na'ura, da garanti a rubuce. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai na'urorin sun yi 'yan makonni suna aiki lafiya. A zaɓi malamai biyu ko uku masu ilimin kwamfuta a kowace ƙaramar hukuma su duba kaya kafin a raba, a kuma buɗe littafin koke a ofis, wanda zai ba sakatare damar raka ɗan ƙungiya wurin dillali da shaida a hannu. Hukumomin ilimi kuma, tun da su ke buƙatar aiki da kwamfuta, ya dace su ɗauki rabonsu na nauyin samar da ita da wutar hasken rana a makarantu, maimakon a bar wa albashin malami.

Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da alli ya fara aiki a makarantar Midil ta Sakkwato kafin duniya ta san shi. Kayan aikin malami sun sauya tun daga wancan zamani, amma darajarsa ba ta ragu ba, kuma ba ta yarda a yi masa cinikin biri a sama ba. Duk wanda na'urarsa ke wannan ciwo, ya zo ofis da rasit da hotunan allon kafin taronmu na wata mai zuwa. Allah ya sa albarka a guminmu, ya tsare mana makarantunmu da ɗalibanmu.