FILIN KWAMFUTA: Hoto Ya Ɓaci, Amma Kaya Na Nan

 

Ranar wata Asabar bayan sallar La'asar, shugaban wata makarantar Islamiyya da ke unguwarmu a nan Kumasi ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi zaune gaban kwamfutar ofis ya yi tagumi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, zo ka ga abin da ya same mu. Jiya muna cikin aiki aka ɗauke wuta, yau da muka kunna sai muka ga komai ya koma fari fat." Na duba, lallai kuwa. 'Yan hotunan nan da ke jere a fuskar kwamfuta, waɗanda masana ke kira aikon, yawancinsu sun koma kamar farar takarda, wasu kuma sun ari hoton da ba nasu ba.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, wani yaro mai gyara ya riga ya zo ya duba, ya ce babu magani sai a yi mata fomat, wato a share komai a zuba sabuwar Windows. A cikin na'urar nan kuwa akwai rajistar ɗalibai, da sakamakon jarrabawa na shekaru, da lissafin kuɗin makaranta, wanda ya biya da wanda ake bi. Babu kwafin ko ɗaya a wani wuri.

Na ce, "Baba Malam, a ba ni minti biyu." Na kama linzami na danna ɗaya daga cikin fararen hotunan sau biyu. Nan take rajistar aji uku ta buɗe, ko suna ɗaya bai ɓace ba. Malam ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Kafin a kira Magariba mun mayar da kowane hoto wurinsa, ba a share komai ba, ba a kashe ko sidi ɗaya ba.

To jama'a, darasin wannan wata ke nan. Ɗan hoton da kake gani ba shi ne fayil ɗinka ba. Alama ce kawai, kamar allon da mai shago ke kafawa a bakin shagonsa a kasuwar Kejetia. In ruwan sama ya wanke rubutun allon, atamfofin da ke ciki suna nan yadda aka bar su. Ashe kuwa ba za a rushe shago don allo ya koɗe ba.

Su waɗannan hotuna an ƙirƙiro su ne don sauƙaƙa wa irinmu. Kamfanin Xerox na Amurka ya fito da su a na'urarsa mai suna Star a 1981, sannan Macintosh na kamfanin Apple ya yaɗa su a 1984. Da Windows 95 ta fito a 1995, sai ya zama har wanda bai yi boko mai zurfi ba yana iya gane aikinsa da ido. Shi ya sa in sun rikice, hankalin mutum yakan tashi fiye da girman matsalar.

Yanzu bari mu ga inda cutar take. Windows ba ta zuwa cikin kowace manhaja ta ɗauko hotonta duk lokacin da ka kunna na'ura, domin hakan zai sa ta nawa. Sai ta tara kwafin hotunan a wata 'yar ma'ajiya, ta riƙa ɗauka daga nan. A zamanin Windows 95 da 98 sunan ma'ajiyar ShellIconCache. Daga baya ta koma IconCache.db, a Windows 10 da 11 kuma akwai wasu fayiloli da yawa da sunansu ya fara da iconcache. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da Windows ke rubutu a ciki, sai lissafin ya cuɗe, hoton wannan ya hau kan wancan, ko a rasa hoton ɗungum. Mu da muka ga zamanin dumsor, musamman a 2015, mun san yadda wuta ke tafiya ba sallama. Daɗin abin shi ne, in ka share wannan ma'ajiya, Windows da kanta za ta sake gina sabuwa.

Kafin ka taɓa komai, yi gwajin da na yi a ofishin Malam. Danna hoton sau biyu ka ga abin da zai faru, domin amsar ita za ta nuna maka wace irin matsala ce a gabanka.

Na farko, in fayil ya buɗe daidai, hoton ne kawai ya ɓaci, to ma'ajiyar ce. Fara da mai sauƙi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Nemi Windows Explorer a jerin, ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Restart. Fuskar za ta ɗan ƙifta ta dawo. In bai yi ba, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ie4uinit.exe -show ka danna Enter. Wannan na Windows 10 da 11 ne. Mai Windows 7 sai ya rubuta ie4uinit.exe -ClearIconCache.

In har yanzu da saura, sai a share ma'ajiyar gaba ɗaya. Adana duk aikin da kake yi, ka rufe manhajoji. Danna Windows da R, ka rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. Rubuta waɗannan layuka huɗu ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter bayan kowanne:

taskkill /f /im explorer.exe
del /a /q "%localappdata%\IconCache.db"
del /a /f /q "%localappdata%\Microsoft\Windows\Explorer\iconcache*"
start explorer.exe

Ina jan kunne a nan. Bayan layin farko komai zai ɓace daga fuskar na'ura sai baƙin allon kaɗai. Kada gabanka ya faɗi, haka ya kamata ya kasance, layi na huɗu zai dawo da su. Kuma a kwafi layukan harafi da harafi, domin umarnin del sharewa yake yi ba ya tambaya, abin da ya share kuma ba ya zuwa kwandon shara. Wanda bai amince da hannunsa ba ya nemi wani ya zauna kusa da shi. In an gama sai a kashe na'ura a sake kunnawa. Wannan shi ne abin da ya warkar da kwamfutar Malam.

Na biyu, in fayil ya buɗe amma da manhajar da ba tasa ba, misali duk takardun Word sun ɗauki hoton Notepad, in an buɗe sai wasu haruffa marasa kan gado, to wani ne ya yi kuskuren gaya wa Windows ta riƙa buɗe irin wannan fayil da wata manhaja daban. Yara masu wasa da na'ura sun ƙware a wannan. Takardar lafiyarta lau. Danna ta da maɓallin dama, ka zaɓi Open with, sannan Choose another app, ka nuna manhajar da ta dace, ka zaɓi Always domin ta riƙe. Duk sauran fayiloli irinta za su gyaru lokaci guda. Amma in dukkan hotunan manhajoji ne suka koma iri ɗaya, kowanne ka danna abu guda yake buɗewa, wannan yakan faru a Windows 7, gyaransa kuma yana cikin Registry. Nan ba wurin koyon aski ba ne. A gwada System Restore a koma ranar da na'ura take lafiya, ko a kira wanda ya sani.

Na uku, in ka danna sai Windows ta ce ba ta ga abin da ake nema ba, duba ƙasan hoton ta hagu. In akwai 'yar kibiya, to wannan manuniya ce kawai mai nuna hanya zuwa inda ainihin abin yake. Wataƙila an cire manhajar, ko an matsar da fayil ɗin zuwa wata folda, ko yana cikin filash da aka zare. Danna ta da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka karanta abin da ke gaban Target, za ka ga inda take nunawa. Share manuniya ba ya share ainihin fayil.

Na huɗu, in babu hoto ko ɗaya, fuskar ta zama fili fetal, danna maɓallin dama a kan filin, ka je View, ka tabbata akwai alama a gaban Show desktop icons. Sau da yawa iyakar matsalar ke nan. In kuma Windows ta sanar da kai cewa ta shigar da kai da asusun wucin gadi, kada ka adana komai a lokacin, domin zai ɓace in ka fita. Kayanka suna cikin C:\Users, ƙarƙashin sunanka. Kashe ka sake kunnawa, sau da yawa takan dawo hayyacinta.

Akwai wuri ɗaya da canjin hoto yake nufin haɗari na gaske, kuma ya shafe mu ƙwarai, mu masu yawo da filash daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa gida. In ka sa filash, wanda a nan muka fi kira pendiraif, ka ga foldojinka duk sun fito da 'yar kibiya, kada ka danna ko ɗaya. Bairos ne ya ɓoye foldojin na gaskiya ya ajiye na bogi, dannawa kuma ita ke sa shi shiga na'urarka. A fara bincike filash ɗin da Microsoft Defender ko wata manhajar rigakafi mai sabon ɗauri. Bayan an kashe cutar, a buɗe cmd a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma a sa harafin filash ɗinka a madadin E. Foldojin da aka ɓoye za su bayyana, sai a share na bogin. Masu tsofaffin na'urori su lura, Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a watan Oktoban 2025.

Ga 'yan'uwana matasa masu sana'ar gyara, ba ina zagin sana'a ba ne, ni ma da ita na fara. Amma fomat shi ne magani na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai an kwashe kayan mai na'ura an ajiye a gefe. Amanar mutane ce a hannunku. Ku kuma masu na'ura, kafin ku miƙa ta ga kowa ku tambaye shi, "Fayilolina fa?" In ya kasa ba da amsa mai gamsarwa, a ɗauko na'ura a dawo gida. Matambayi ba ya ɓata.

Ban bar ofishin Malam ba sai da muka kwafe rajista da lissafin kuɗi a filash guda biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidansa, muka kuma yi alkawarin sabunta su duk ranar Alhamis kafin a tashi. Na kuma roƙe shi ya kai wa kwamitin makaranta maganar sayen UPS, wato akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na 'yan mintoci har a samu a kashe na'ura yadda ya kamata. Duk wanda ke riƙe da littafin masallaci, ko na ƙungiya, ko lissafin adashi a cikin kwamfuta, ya yi haka tun kafin dare ya yi masa.

Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba, a rubuta irin Windows ɗin da ake amfani da ita, da abin da ya faru kafin matsalar ta fara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.