Kafin a zaɓi harsashi, a fara ƙirga shi

Ma'aikatan tarayya da yawa 'yan asalin arewacin Bauchi sun san irin hirar da ake yi idan sun je gida hutun Sallah. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai wani ƙane ya ja mutum gefe, ya rage murya: "Yaya, tun da kana kusa da manya, ba za ka samo mini 'yar ƙaramar bindiga ba?" Wani ma ya wuce nan, abin da yake son sani shi ne wane irin harsashi ya fi dacewa da mai son kare gidansa, domin ya ga Amurkawa suna muhawara a kai a wayarsa. Mai wannan tambaya a Itas ko Gadau ba ɗan ta'adda ba ne. Manomi ne ko ɗan kasuwa da yake jin labarin satar mutane a wasu jihohi, yana lissafin nisan da ke tsakanin ƙauyensa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Tsoronsa na gaskiya ne, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya.

Amsar farko tana cikin doka. Dokar Mallakar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Bindigar toka tana buƙatar lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta tana buƙatar lasisin Sufeto Janar. Ita kuwa ƙaramar bindiga, wato fistol ko libarba, an sanya ta a rukunin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindigogin soja, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisinta. Wanda aka kama da ita ba lasisi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar ba ta bar harsashi a baya ba: riƙe shi ba tare da izini ba laifi ne mai zaman kansa, ko da babu bindiga a ɗakin. Ƙari a kan haka, a watan Agusta na 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka ma'aikaci ko hadimin da ya yi wa ɗan'uwansa "hanya" ya samo masa fistol, ya jefa shi cikin hatsarin gidan yari, ya kuma sa aikinsa da sunansa a caca.

Gaskiya ne cewa doka ta amince da kare kai. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfin da ya zama dole wajen kare rai ko dukiya, haka ma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Amma 'yancin kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Mutum yana iya kuɓuta daga tuhumar kisa, a kuma ɗaure shi saboda bindigar da ya yi amfani da ita.

Ko a Amurka, inda ake sayen harsashi a kanti, jigon muhawarar shi ne inda harsashi zai tsaya. Bayan musayar wuta da aka yi a birnin Miami a 1986, inda jami'an FBI biyu suka mutu, hukumar ta fito da ma'aunin gwaji: harsashin da za ta amince da shi ya shiga inci 12 zuwa 18 cikin wani abu mai kama da tsokar mutum. Ƙasa da haka bai isa ba, sama da haka kuma yana iya fita ya sami wanda ba ruwansa. Wannan lissafi ne na mutanen da suke da filin atisaye, da malamai, da ɗakunan gwaji. A kawo shi gidan gandu a Itas, inda ɗakin uwargida yake kallon na amarya, yara suna kwana a tsakar gida lokacin bazara, kuma abin da ya raba mutum da maƙwabcinsa zana ce ko ƙofar kwano. Wanda bai taɓa harbi ba, ya farka cikin duhu a firgice, babu irin harsashin da zai zaɓa wanda zai bambanta ɓarawo da ɗan da ya fito kama ruwa. Sannan harsashin da ake saye a ɓoye ba a san shekarunsa ba, ba a san yadda aka adana shi ba, ba a kuma san laifin da aka aikata da 'yan'uwansa ba.

Dole a faɗa cewa manya ne suka jawo wannan ruɗani. A watan Maris na 2018, Janar T.Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a a Jalingo da su kare kansu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya nemi mutanensa su tanadi makamai. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Fabrairun 2025 shugaban hukumar tsaro ta farin kaya, Adeola Ajayi, ya kawo misali da garin Azare, inda ya ce jama'a sun taɓa fuskantar 'yan Boko Haram da suka shigo musu har suka gama da su, ya kuma ba da shawarar a mai da al'umma katangar tsaro ta farko. Talaka yana jin duk waɗannan, ya waiwaya ya ga dokar 1959 tana nan daram. Wa zai bi?

Mutanen Katagum sun san darajar abin da aka yaba musu, domin sun ɗanɗana hare-haren bam a Azare cikin Oktoba da Nuwamban 2014. Sai dai darasin labarin Azare shi ne haɗin kan gari: mutane sun san juna, sun gane baƙo, sun tashi tare. Wannan ya sha bamban da kowane magidanci ya ɓoye fistol a ƙarƙashin katifa. Zamfara ta nuna abin da ke faruwa idan makami ya bazu ba mai lura: 'yan sa-kai sun tashi da niyyar kare ƙauyuka, aka wayi gari ana zarginsu da kisa ba shari'a, ramuwar gayya ta ƙara wa wutar mai. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A yanki irin Itas/Gadau, inda manomi da makiyayi suke haɗuwa a fadama ɗaya duk kaka, rigimar da a da dagaci zai kashe da baki tana iya zama zaman makoki idan akwai harsashi a aljihu.

A nan ne maganar ta dawo kan teburin masu karanta wannan jarida. Bindiga tana iya yin shekaru da dama tana aiki, amma harsashi sau ɗaya ake harba shi. Dole ɗan bindiga ya riƙa neman sabo. Wanda ya toshe hanyar harsashi ya mai da bindiga sanda. To daga ina yake fitowa? Wani ta iyaka da tashar ruwa: a watan Yulin 2024 Hukumar Kwastam ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar Onne ta Jihar Ribas. Wani kuma daga cikin gida: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Ko da wani kaso na wannan adadi sakacin rubutu ne, sakacin rubutu a ma'ajiyar makamai shi kansa bala'i ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kayan aikin gyara suna nan. Najeriya tana cikin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai da harsasansu, wadda ta tanadi sanya alama da ajiye bayanai. An kafa Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ba ta gindin zama. Abin da ya rage shi ne aiki, kuma muna ganin abubuwa huɗu ne suka fi gaggawa.

Na farko, kowace hukuma mai riƙe da makami ta riƙa ƙirga harsashinta a kai a kai, wani daga waje ya tabbatar, a kuma miƙa wa Majalisar Dokoki sakamakon. Na biyu, duk harsashin da gwamnati ta saya ya kasance da lambar da za ta nuna rundunar da aka ba, domin kwanson da aka tsinta bayan hari ya faɗi inda ya fito. Na uku, Majalisa ta sake duba dokar 1959, ta fayyace matsayin mafarauta, 'yan banga da rundunonin da jihohi irin su Katsina da Zamfara suka kafa a 2023 da 2024: wa ke ɗaukarsu, wa ke horar da su, wa ke ajiye makamansu, wa kuma zai amsa idan sun yi kuskure. Na huɗu, gwamnati ta yi magana da murya ɗaya. Bai dace wani jami'i ya ce a tashi a kare kai, wani ya kama wanda ya tashi ba.

Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Duk ranar da manomi a Itas ya fara tambayar wane harsashi zai saya, ranar ce yake shaida wa Abuja cewa ya daina jiran ta. Mai rubuta takardar shawara ga minista, da mai shirya wa sanata jawabi, da mai duba kasafin kuɗin tsaro, kowannensu yana da abin da zai iya yi wanda ya fi samo wa ƙaninsa fistol amfani. Idan an sake jan ka gefe a Sallah mai zuwa, ka gaya wa ɗan'uwanka abin da doka ta ce, ka haɗa shi da mai unguwa da jami'an tsaron yankinsa domin tsara sintiri na halal. Sannan ka dawo ofis ka tambayi yaushe aka yi ƙidayar harsasai ta ƙarshe, kuma wa ya sa hannu a kanta.