Leburorin Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kwanakin Kulle

A ranar 11 ga watan Afirilu na 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Kano. Kwana biyar bayan haka Gwamnan Jihar na lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya kafa dokar zaman gida ta mako guda, sa'an nan a ranar 27 ga watan Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe jihar baki ɗaya har mako biyu, aka kuma yi ta ƙara wa'adin. Ba a ɗage dokar kwata-kwata ba sai farkon watan Yuli. A cikin wannan hali aka yi azumin watan Ramalana na shekarar.

Babu mai hankalin da zai ce kafa dokar kuskure ne. A makonnin nan maƙabartun birni sun karɓi gawawwaki fiye da yadda aka saba, kuma daga bisani Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 ne suka rasu, ana kyautata zaton rabinsu ko fiye cutar ce sanadinsu. Abin dubawa shi ne wanda nauyin dokar ya fi danne wa.

Ma'aikacin gwamnati ya zauna a gida albashinsa na tafe. Amma leburan da ke sammako daga Dakata ko Gwagwarwa zuwa Bompai, ko daga Ja'en zuwa Sharaɗa, ko daga Panshekara zuwa majemun fata na Challawa, lissafinsa daban ne. Da yawa daga cikinsu ma'aikatan wucin gadi ne, ana biyansu a kullum ko a mako, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba sa cikin ƙungiyar ƙwadago. Ranar da aka rufe ƙofar masana'anta, ranar tukunyar gidansu ta sauka. Haka nan mai sayar da abinci a bakin ƙofa, da ɗan dako, da direban A Daidaita Sahu da ke jigilarsu. Ko da aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis don a fita sayen abinci, mene ne amfanin buɗe kasuwa ga wanda aljihunsa ya bushe?

Gwamnati ta kafa kwamitin tara gudummawa a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Yahuza Bello na Jami'ar Bayero, attajirai sun bayar, an kuma raba kayan abinci. To, amma rabo yana bin suna ne, shi kuwa leburan masana'anta sau da yawa baƙo ne mai haya a ɗaki ɗaya, ba ya cikin rajistar kowa. Abin da ya riƙe irin waɗannan gidaje shi ne mai kanti da ya buɗe littafin bashi, da maƙwabciyar da ta aiko da kwanon tuwo, da mai gidan hayar da ya ɗaga ƙafa, da masu hali da suka fitar da zakka da abincin buɗa-baki. Wannan zumunci abin yabo ne, sai dai talaka ne ya ɗauki nauyin talaka, kuma littafin bashin mai kanti yana da iyaka.

Waɗanda suka ci gaba da aiki ma ba duka suka tsira ba. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata 126, waɗanda suka ce sun shafe kimanin wata uku a ciki ba a barinsu su fita ko su ga iyalansu, da sunan gudun kamuwa da cuta. Sun ce an yi musu alkawarin ɗan ƙari a kan albashi, wanda ya ƙi zama kuwa ya rasa aikinsa. Abin kunya a nan shi ne, ƙorafin da ya kai ga wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ne ya tona asirin. Ina sufetocin masana'antu suke a tsawon wata ukun nan?

Alhali kuwa doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, Dokar Masana'antu kuma ta ba sufeto ikon shiga kowace masana'anta ya duba. Da ana bin waɗannan biyu, da an san yawan mutanen da ke cin abinci a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ranar rabo.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tare da Gwamnatin Jiha da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, su tilasta wa kowane kamfani ajiye rajistar ma'aikatansa, har da na wucin gadi da waɗanda 'yan kwangila suka kawo, da unguwar da kowa yake kwana. A ba ƙananan hukumomi da masu unguwanni kwafinta, a riƙa sabunta ta kowace shekara, sufetoci kuma su riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba.