Ɗan Hakin Da Ke Tsone Idon Taraktocinmu

Sanin kowa ne cewa tun daga Shirin Bunƙasa Noma na Gusau, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, har zuwa shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980, gwamnatoci sun sha sayen tarakta don manoma. Amma duk wanda ya san ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san cewa sayen tarakta daban, riƙonta daban. Sau da yawa abin da ke kwantar da ita ba babbar cuta ba ce. Mahaɗin mesar man haidirolik ne, wanda bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan direba ya kwance tirela ko haro ya bar su cikin ranar bazara, man da ya maƙale cikin mesa yakan yi zafi ya kumbura, alhali ba shi da mafita. Da ya zo mayar da mesar, sai mahaɗi ya ƙi shiga. Nan sai wani ya ɗauki guduma ko dutse ya daki bakinsa. Daga nan roba ta tsage, mai ya soma yoyo, ƙurar hunturu ta samu ƙofa, ta bi mai har ta cinye famfo. Ga damina ta kama, ga tarakta a garejin makanike ana jiran kaya daga Gusau ko Kano.

Hasarar ba ta tsaya ga dukiya ba. Ƙarfin man da ke cikin waɗannan mesoshi yakan ninka na iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 80, alhali kuwa ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya huda fatar mutum. Raunin kan yi kama da tsirar ƙaya, amma in ba a yi aikin tiyata cikin 'yan sa'o'i ba, yatsa ko hannu na iya ruɓewa. A wuraren da rashin tsaro ya sa zuwa babban asibiti ya yi wuya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko kwabo. A sauke garma ko tirela ƙasa, a kashe inji, a kaɗa sandar sarrafa mai gaba da baya har ƙarfin ya sace, sa'an nan a cire ko a haɗa. A goge bakin mahaɗi da tsumma mai tsabta, a rufe shi da murfinsa, a ajiye kayan a inuwa. In ana neman inda mai ke yoyo, a kara kwali, kada a kara hannu.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin nan uku da kada su miƙa mabuɗin tarakta ga wanda bai samu horo ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙaura Namoda tun 1983. Ya kamata a haɗa kai da ita a shirya gajeren kwas na direbobi da Hausa kafin kowace damina. Duk jami'in da zai sa hannu a takardar sayen tarakta, to, ya fara tambaya: wa zai tuƙa ta, kuma wa ya koya masa?